Ba Sinima Ce Ta Haifi Ɗan Damfara Ba

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo cikin garin Yamai, a majalisar dattawa, a wajen biki, har a bakin ƙofar azuzuwanmu na manya. Ana cewa fina-finan da suke nuna ƴan damfara su ne suka lalata samari. Wai yaro zai kalli macuci ya yi wayo ya kwashe dukiyar wani, ƴan kallo suna tafi, gobe shi ma sai ya gwada. Masu wannan magana har cewa suke yi, da za a bi tasu, da an hana nuna irin waɗannan fina-finai a talabijin, an kuma goge su daga salular yara. Ni ban yarda ba. Zan gaya maka dalilina dalla-dalla, domin maganar ta shafi aljihunka.

Da farko ka tambayi kanka: a wane gidan sinima Gizo ya yi karatu? Kakarka ta ba ka labarin yadda ya haɗa giwa da dorina jan igiya, kowace tana zaton da Gizo take ja. Ka yi dariya, ka yi barci, ba ka tashi ɓarawo ba. A shekarar 1934 aka buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam a Nijeriya. Rabin daɗin littafin nan yana wajen Alhaji Imam da Malam Zurƙe, kowa yana gina wa ɗan'uwansa rami daga wannan gari zuwa wancan. Yara nawa suka karanta shi a makaranta? Ba mu taɓa jin an kai ƙarar Imam wai ya buɗe makarantar zamba ba.

A ƙasashen Turawa ma haka abin yake. A 1920 wani mutum mai suna Charles Ponzi ya yi wa mutanen birnin Boston na Amurka alkawarin ribar 50 cikin 100 a kwana 45, yana biyan na farko da kuɗin na baya, har asirinsa ya tonu. A 1925 wani Victor Lustig ya sayar wa wani dillalin tsofaffin ƙarafa dogon hasumiyar nan ta Eiffel da ke birnin Pari, ya karɓi kuɗi ya gudu, kunya kuma ta hana mutumin kai ƙara. A lokacin nan fim bai ma fara magana ba. To, wa ya koya wa wani?

Mu ɗauki fim ɗin da ya fi kowane suna a wannan fanni, watau The Sting, wanda Faransawa suka sa wa L'Arnaque. Ya fito a Amurka a 1973, George Roy Hill ne ya shirya shi, Paul Newman da Robert Redford ne manyan ƴan wasansa. Ya ci lambobin Oscar 7. Dabarar da aka nuna cikinsa ba masu fim suka ƙago ta ba. Tun 1940 wani malamin harshe, David Maurer, ya zauna da ƴan damfara na gaskiya, ya rubuta yadda suke aikinsu cikin littafi. Watau macuta sun yi shekaru suna cin kasuwarsu a ɓoye, fim ya zo daga baya ya kwance musu zani a kasuwa.

Ga yadda labarin yake. A 1936, wasu ƙananan macuta, cikinsu har da Hooker da dattijon da ya koya masa sana'a, Luther, suka yaudari wani mutum a kan titi suka karɓe masa dala 11,000. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Ashe kuɗin na wani babban ɗan ta'adda ne mai suna Lonnegan. Ya sa aka kashe Luther. Hooker ya gudu Shikago wajen wani tsohon gwani, Gondorff, ya ce yana son ramuwa. Ba su da ƙarfin da za su kashe Lonnegan, saboda haka suka shirya su cuce shi ta yadda ba zai ma san an cuce shi ba.

Suka fara da karta cikin jirgin ƙasa. Gondorff ya shiga wasa yana yi kamar ya bugu, yana zagin Lonnegan yana ɓata masa suna. Lonnegan kuwa ɓarawon karta ne, ya sa yaronsa ya shirya katunan yadda dole shi zai ci. Da aka buɗe, sai ga katunan Gondorff sun fi nasa. Me zai ce? Zai tashi gaban jama'a ya ce ai ba waɗannan katunan ya ba shi ba? Sai ya haɗiye, zuciya tana tafasa. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Daga nan aka aika masa Hooker a matsayin yaron Gondorff wanda ya gaji da maigidansa. Ya ce maigidan nan yana da gidan caca na sukuwar dawaki, kamar yadda wasu a nan Yamai suke zuba kuɗi kan dawakin da ke gudu a Faransa. Ya ce kuma yana da aboki a ofishin wayar tangaraho wanda yake samun sakamakon sukuwa, ya riƙe shi na ƴan mintoci kafin ya aika. Cikin waɗannan mintocin za ka sa kuɗi kan dokin da ya riga ya ci. Lonnegan ya gwada da kaɗan, ya ci. Abin da bai sani ba shi ne gidan cacar duk na ƙarya ne. Allon bango, masu karɓar kuɗi, mai sanarwa da murya kamar daga filin sukuwa, har mutanen da ke zaune suna shan taba suna jiran sakamako, duk ƴan damfara ne aka yi haya, kowa da rawar da zai taka. Mutum ɗaya ne kawai na gaskiya cikin ɗakin, shi ne wanda za a yanka.

Ran ƙarshe ya kawo dala 500,000 ya sa kan doki guda. Aka ce masa ai bai fahimci saƙon ba, cewa aka yi dokin zai zo na biyu. Ya tashi yana ihu a mayar masa da kuɗinsa, sai ga ƴan sandan gwamnatin tarayya sun faɗo, aka yi harbi, Hooker da Gondorff suka faɗi jini a baki. Aka ja Lonnegan waje da sauri don kada sunansa ya shiga maganar kisa. Yana fita matattun suka tashi suna dariya. Ƴan sandan ma na ƙarya ne.

Yanzu, mai karatu, ajiye Amurka ka dubi garinmu. Wanda ya kira ka a salula ya ce ka ci kyauta, sai ka aika ɗan kuɗin buɗe takarda. Wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin ƙwarya da turare. Wanda ya nuna maka fili a bayan gari da takarda mai hatimi, alhali ya sayar wa mutum uku kafin kai. Wanda ya karɓi kuɗin kujerar Makka ko na biza ya ɓace. Duk hanya ɗaya suke bi da mutanen Gondorff. Za a fara ba ka ɗanɗano, ka sa jika biyar ka ga jika goma da idonka. Za a ce maka sirri ne, kada ka gaya wa kowa, ko matarka. Za a sa ka gaggawa, wai yau ne kawai, gobe an rufe. Za a kawo wani wanda ba ka sani ba ya rantse cewa shi ma ta nan ya yi arziki. A ƙarshe kuma, wannan shi ne ya fi muhimmanci, za a bar ka cikin halin da ba za ka iya zuwa komisariya ba, ko don kunya, ko don kai ma ka san abin da ka shiga ba halal ba ne. Wanda ya kalli fim ɗin nan sau ɗaya da hankalinsa ya ga waɗannan matakai a jere, ya ga yadda ake ɗinka su. A makarantar horon malamai an koya mana cewa babba ba ya riƙe abin da aka gaya masa kamar yadda yake riƙe abin da ya gani ya kuma yi gardama a kansa. Na sha yi wa ɗalibaina wa'azi kan saƙonnin ƙarya na salula, suna gyaɗa kai. Ran da muka kalli labarin damfara tare, su da kansu suka riƙa tsayar da ni, kowa yana ba da labarin yadda aka yi wa ƙaninsa ko maƙwabcinsa irin wannan.

Ka tuna da MMM a Nijeriya, wadda ta yi alkawarin ribar 30 cikin 100 kowane wata, ta kuma rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016. Dabarar Ponzi ce ta 1920, ba a canza mata komai ba sai intanet da aka ƙara. Waɗanda suka zuba kuɗinsu ciki ba kallon fim ya yi musu yawa ba. Da sun kalla, wataƙila da sun tuna cewa banza ba ta kai zomo kasuwa.

Me ya sa har yanzu ake kallon The Sting, bayan shekara hamsin da ɗoriya, bayan Newman ya rasu a 2008, Redford kuma a 2025? Wasu za su ce kiɗan nan ne na Scott Joplin, wasu su ce kyawun ƴan wasan. Ni ina ganin abu biyu ne. Na ɗaya, fim ɗin yana cutar ɗan kallo shi ma. Har kusan ƙarshe kana zaton Hooker ya ci amanar Gondorff, ka ga an harbe su ranka ya ɓaci, sa'an nan ka gane kai ma an yi maka abin da aka yi wa Lonnegan. Bambancin kawai kai ba ka rasa ko dala ba. A ina kuma za ka sami wurin da za a damfare ka kyauta don ka ji yadda abin yake? Na biyu, daɗin Gizo ne: ƙarami ya kayar da babba, azzalumi ya faɗa ramin da ya gina.

To amma a nan ne zan tsaya in ba abokan gardamata haƙƙinsu, har ma in wuce inda suka tsaya. Fim ɗin yana da ƙarya guda, kuma babba ce. Macutansa ba sa cutar kowa sai mugu. A ƙarshe ma Hooker ƙin karɓar rabonsa ya yi. Ka taɓa ganin ɗan damfara irin wannan a Babbar Kasuwa ko a tashar Wadata? Na gaskiya ba ya neman mai bindiga. Gwauruwa yake nema, da ɗan ci-rani da ya dawo da kuɗin shekara, da tsohon da ya karɓi fansho. Akwai kuma maganar da ake yawan yi, wai ba a cutar kowa sai mai kwaɗayi. Gaskiya ne kwaɗayi mabuɗin wahala, amma wannan magana rabinta ƴan damfara suka ƙirƙira don su yi barci da daɗi. Matar da aka kira aka ce ɗanta ya yi haɗari a hanyar Agadas, ta aika kuɗin magani yanzu-yanzu, wane kwaɗayi ta yi?

Maganin wannan ƙarya ba hana fim ba ne. Maganinta wasu fina-finai ne, kuma namu ne na Afirka, waɗanda suka tsaya a gefen wanda aka cuta.

A 1968 Usman Sembene na Senegal ya fito da Mandabi, da harshen Wolof. Wani magidanci a Dakar, Ibrahima Dieng, ba shi da aiki, bai iya karatun boko ba, sai ɗan ƴar'uwarsa da ke share titi a Pari ya aiko da manda ta jika 25. Yawancin kuɗin ma ba nasa ba ne, ajiya ce. A gidan waya aka ce sai da katin shaida. Katin shaida sai da takardar haihuwa da hoto. Takardar haihuwa kuma ba shi da ita. Kowace ƙofa ya ƙwanƙwasa sai an ci wani abu daga jikinsa, har mai ɗaukar hoto ya karɓi kuɗinsa bai ba shi hoto ba. Maƙwabta kuwa sun ji labarin kuɗi, kowa ya zo da ƙoƙon bara. A ƙarshe wani ɗan boko mai kwat da mota ya ce zai taimaka, Dieng ya ba shi wakilci a rubuce, ya je ya karɓo kuɗin, ya dawo ya ce an sace. Wannan ma fim ɗin damfara ne, amma ba wanda yake tafi in ya ƙare. Duk wanda ya taɓa dangwala babban yatsa kan takardar da bai san abin da ke ciki ba zai ji fim ɗin nan a cikinsa.

Mu kuma a nan gida muna da Umaru Ganda, ɗan Yamai, wanda aka haifa a 1935. Ya yi sojan Faransa a yaƙin Indocin yana saurayi, ya yi dako a tashar jirgin ruwa ta Abijan, can ya haɗu da Jan Rush ya fito a fim ɗinsa Moi, un noir na 1958. Da ya dawo gida ya fara yin nasa. Fim ɗinsa na farko, Cabascabo, labarin tsohon soja ne da abokan ƙarya suka taya cinye kuɗin sallamarsa, suka watse da aljihu ya bushe. A 1972 shi ne mutum na farko da ya ci babbar lambar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. A shekarar nan kuma ya yi Saitane, watau Shaiɗan, da Zabarmanci. Cikinsa wani malamin tsibbu ne a ƙauye, jama'a sun amince da shi, shi kuwa a ɓoye shi ne kawalin da ke haɗa matar aure da wani mai kuɗi.

Dubi abin da Ganda ya taɓa. Macucin Amurka yana bukatar gidan caca na ƙarya da mutum talatin. Namu ba ya bukatar komai sai buzu da carbi da amanar mutane. Wannan ita ce damfarar da ta fi ciwo, domin wanda aka yi wa ba ya ma iya faɗa: in ya yi magana a ce ya zagi malamai, in ya yi shiru a ci gaba da tatsarsa. Kuma kada wani ya juya mini magana. Malamin da ya zauna kan ilminsa, yana karantar da yara, yana faɗa wa mutane gaskiya, ba shi Ganda ya nuna ba. Shi ma wannan malami macucin yana cutarsa, domin da rigarsa ake satar. Saboda haka in ka ji mutum ya dage lallai sai an hana nuna irin wannan labari, ka dube shi da kyau, ka tambayi kanka me zai rasa in jama'a suka gane yadda ake yi.

Akwai wani abin takaici da ya kamata ka sani. Zalika Sule, wadda ta fito a fina-finan Ganda da na Mustafa Alasan tun daga 1966, sau da yawa ita ake ba rawar macen banza. Mutanen gari suka kasa raba wasa da gaskiya, suka riƙa zaginta suna yi mata kallon abin da take nunawa. Rahmatu Keita ta ba da wannan labari cikin fim ɗinta Al'lèèssi na 2004. Zalika ta rasu a 2021. Ka ga irin adalcinmu: wadda ta nuna mana cutar muka jefa, macucin gaskiya kuwa muna tashi mu ba shi tabarma in ya shigo wajen suna. Masu cewa a hana fim yau jikokin masu jifan Zalika ne, ko sun sani ko ba su sani ba.

Kada kuma mu masu koyar da karatu mu yi alfahari da yawa. Alasan, a fim ɗinsa FVVA na 1972, watau mata, gida, mota, kuɗi, ya nuna ƙaramin ma'aikacin gwamnati mai ilmin boko wanda son a gan shi babba ya kai shi ga taɓa kuɗin da ba nasa ba, ya ƙare a gidan kaso. Iya karatu yana hana a cuce ka da takarda. Ba ya hana ka cuci kanka, ba ya kuma hana ka zama mai kwat ɗin nan da ya cinye mandar Dieng.

Abin da ya kamata dattawanmu su yi fushi a kansa daban ne. Ganda ya rasu ran 1 ga Janairu 1981. Muna da babbar cibiyar al'adu mai sunansa a Yamai, FESPACO ma tana ba da lamba da sunansa. A 2024 an mayar da tsohuwar cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta koma sunan Mustafa Alasan, wanda ya rasu a 2015. Madalla. Amma tsayar da saurayi a titi ka tambaye shi ko ya taɓa ganin Saitane. Gidajen sinima da iyayenmu suke ba mu labari, irin su Vox da Rex, sun daɗe da rufewa. Yaron da ake tsoron fim zai lalata yana iya samun fim ɗin Amurka ko na Indiya cikin salularsa kafin shayi ya tafasa, na ƙasarsa kuwa sai ya sha wuya. Mun sa sunayen mutanen nan a bango, aikinsu kuma mun bar shi cikin akwati.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ina so ka taya ni nema, a wajen mai unguwa, a wajen magajin gari, a gidan rediyon garinku. A nemo waɗannan fina-finai, a sa musu murya da Hausa da Fulatanci da Tamajak, yadda ake yi wa fina-finan Indiya a Kano. A kai su cibiyoyin karatun manya da filayen ƙauyuka. Ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant ta riga ta nuna cewa mota ɗaya da farin ƙyalle da ɗan injin wuta sun isa a tara gari guda. Kada a nuna fim a naɗe ƙyalle a tafi. A tsayar da shi a tsakiya, daidai inda Dieng zai miƙa takardar wakilci, ko inda Lonnegan ya ci kuɗinsa na farko, a kunna fitila, malami ya tambayi jama'a abin da suke gani zai biyo baya, da abin da su za su yi in su ne. Sa'an nan a rubuta a allo kalmomin da suka fito daga bakinsu, hatimi, shaida, wakilci, rasit, a karanta su tare, kowa ya kwafa cikin littafinsa kafin a ci gaba da kallo.